Baffan Aro da Ƙuri'un Jiharmu

Tun da na zo Landan ban sake jefa ƙuri'a ba, don ba a ba mu damar yin zaɓe daga nan. Duk da haka, zaɓen shugaban ƙasa na shekarar da babban yarona ya tashi aure ya kusa hana shi mata. Ba ma zaɓen ƙasar gaba ɗaya ba, yadda jiharmu kaɗai ta yi nata.

Ni tela ne. Ina da keke a bayan wani shagon wanki da guga a Woolwich, ina rage tsawon wando, ina sa zif, ina buɗa riguna idan masu su sun ƙara jiki. Karatuna na boko a firamare ya tsaya. Uwar yarana takan ce da ana ba da digiri a kan damuwa da tuni na zama farfesa, kuma ban taɓa musa mata ba. Idan na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa ta, idan na taɓa kuma sai na tafi ina tunanin ko taɓawar ce ta buɗe ta.

Yaron a nan ya girma. Ana yi masa Hausa yana amsawa da Turanci, amma da ya tashi neman aure sai Allah ya haɗa shi da 'yar gida, ma'aikaciyar jinya, 'yar wani mutumin jiharmu da ke tuƙa bas, suna zaune a Catford. Muka yi bincikenmu, suka yi nasu, kowa ya gamsu. Abin da ya rage shi ne manya su je su tambaya, a ce an ba mu, sannan a sa rana.

A gida uba ba ya nema wa ɗansa aure da bakinsa, balle ɗan fari. Yayan uba ko ƙanensa ke zuwa, shi kuma uban ya zauna kamar bai san ana yi ba. Uban yarinya ma ba ya bayar da 'yarsa da kansa, ɗan'uwansa yake wakiltawa. To a Landan ina 'yan'uwan suke? Nawa duk suna ƙauye, ko fasfo ba su da shi. Saboda haka a nan aron baffa ake yi, kamar yadda ake aron kujeru da manyan tukwane ranar suna. Ka nemi dattijo mai kwarjini daga jiharku, ka roƙe shi ya zame wa ɗanka baffa na yini ɗaya.

Ni Alhaji na ara. Babban ɗan kasuwa ne a gida, yana da flat, wato gida a saman bene, can a Stratford saboda 'ya'yansa da ke karatu, kuma na daɗe ina gyara masa manyan riguna. Tun kafin zaɓe na roƙe shi, ya amsa ba tare da ja ba. Ya ce zai je gida ya kawo wa jam'iyyarsu jiharmu, idan ya dawo ya kawo wa ɗana amarya. Uban yarinyar kuma ya ari Likita, wani dattijon jiharmu da ya yi aikin asibiti a ƙasar nan har ya yi ritaya, wanda shi ya riƙe uban yarinyar lokacin da ya zo Landan bai san kowa ba. Aka tsayar da wata Lahadi. A lokacin ba wanda ya lura cewa za ta faɗo a makon da ake gama sanar da sakamako. Ni na lura, amma na ji nauyin faɗa.

Jiharmu ta daɗe tana bin jam'iyyar su Alhaji. An saba idan aka zo karanta sakamakonta mutane su tashi su je shan ruwa, don an san abin da za a ji. A wannan karon ina kan keke, wayata na jingine da gwangwanin allurai, sai na ji an karanta ta, kuma ta juya baya. Ɗan takarar ɗaya ɓangaren ta zaɓa. Na ɗaga ƙafata daga keken na mayar da maganar baya na sake ji. Bayan haka aka tattara na ƙasa baki ɗaya, sai ga ɗan takarar su Alhaji shi ya ci. Wato su Alhaji sun ci ƙasa sun faɗi a gida. Likita kuwa, kowa a Woolwich da Catford ya san ɗaya ɓangaren yake yi, don ba ya ɓoyewa. Nasa ya ci jiharmu ya faɗi a ƙasa, har ana cewa za su tafi kotu.

Gaskiya zan faɗa, a raina abin da jiharmu ta yi bai ɓata mini rai ba. Yayata ta aiko mini da saƙon murya daga ƙauye tana dariya har da tari, na saurara na goge, don kada wata rana wayar ta faɗa hannun Alhaji. Amma dariyar ba ta daɗe a bakina ba. Mutanen nan biyu su ne za su zauna a falo ɗaya ranar Lahadi, auren ɗana a tsakaninsu.

Alhaji ya dawo da wuri fiye da yadda ya ce, wai zai ga likitan ido. Dole na je na yi masa sannu da zuwa, kuma a nan na shiga damuwa ta farko. Me zan ce masa? Idan na yi masa barka, zai ɗauka ba'a nake yi masa a kan jiha. Idan na yi masa jaje, zai ce ban san su suka ci ƙasa ba. Idan na yi shiru a kan zaɓen gaba ɗaya, ya zama kamar ka shiga gidan da aka yi gobara ka yaba labule. Na tambayi uwar yarana, ta ce in ce masa sannu kawai. Na ce sannu da me? Ta ce in bar ta ta ji da shinkafarta. Ina cikin jirgin ƙasa, har mun kusa Stratford, Allah ya ba ni mafita. Da na shiga na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, ya gajiyar zaɓe? Ai wanda ya ci da wanda ya faɗi duk sun gaji, ban yi ƙarya ba, ban kuma ɗauki ɓangare ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce gajiya ta bi lafiya. Na tuna masa Lahadi, na kuma roƙe shi a hankali, ina kallon kafet, cewa ko za a bar maganar siyasa a bakin ƙofa. Ya ce, "Tela, ni yaro ne?" Na ce Allah ya huci zuciyarsa.

Na sayi goro mai kyau a kasuwar Woolwich, na naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle, na riƙa buɗe firij ina duba shi kamar jariri. Na sayi alewa da dabino. Na roƙi Liman na ƙaramin masallacinmu ya raka su, don ya yi addu'a idan an gama. Liman mutumin Ghana ne, Hausarsa ta zango, ba ruwansa da zaɓen Najeriya, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa na zaɓe shi.

Da a gida ne ba zan je ba sam. Amma Alhaji bai taɓa taka Catford ba, ya ce in zo in nuna wa mai mota hanya. Da muka isa bayan azahar, na shigar musu da kayan har bakin falo, na ja da baya. Gidan irin ƙananan gidajen nan ne da ke manne da juna: kana shiga sai siririn lungu, falo a hannun dama, matakala a gabanka, kicin a can ƙarshe inda mata suka cika. A kan matakalar na tarar da uban yarinyar a zaune, shi ma ya bar wa baffan aro falonsa. Ya matsa mini. Muka zauna mu biyu a saman takalman mutane, gwiwa na gogar gwiwa, kowa na kallon bango kamar bas muke jira. Ƙofar falon ba ta rufuwa sosai, duk abin da aka ce muna ji.

Farkon abin lafiya lau. Aka yi sallama, aka tambayi iyali, aka tambayi sanyi. Har na fara sakin numfashi. Sai na ji Likita, da muryarsa mai laushi irin ta wanda ya saba gaya wa mutane sakamakon gwaji, ya ce, "Alhaji, barka da arziki, an ci ƙasa." Ya ɗan dakata. "Ya kuma haƙurin jiha?"

Gaisuwa biyun da na yi kwanaki ina gudu, shi ya haɗa su ya miƙa a faranti ɗaya. Uban yarinyar ya rufe ido.

Alhaji ya yi dariya, ya ce ai wanda ya samu gida gaba ɗaya ba ya kukan ɗaki ɗaya. Likita ya ce haka ne, sai dai ɗakin nan shi ne wanda ake kwana a ciki. Daga nan aka buɗe. Alhaji ya ce jiharmu ba juya baya ta yi ba, zagon ƙasa aka yi musu daga cikin gida, saboda rigimar gwamna da tsohon ubangidansa, kowa na so ya nuna wa ɗan'uwansa iyakarsa. Likita ya ce ba gwamna ba ne ya hana taki isa ƙauyukan bakin kogi, ko kuwa shi ne, to duk ɗaya. Alhaji ya ce yaran birni ne masu waya suka ruɗa iyayensu. Likita ya ce a ƙauyen da ya fito sai ka hau tudu kake samun sabis, kuma can ma sun faɗi. Alhaji ya ce na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi aiki daidai a wuraren da suke da ƙarfi. Likita ya ce na'urar ta san mutanen da suka gaji da bin hanyar kasuwa da fargaba. Ya ƙara da cewa ya ji mata sun karɓi taliya da atamfa sun yi godiya har ƙasa, sun shiga layi sun dangwala inda suke so.

Suka bi jihar ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kamar masu rabon gado. Da suka zo kan tamu na ji kunnena ya miƙe, don Alhaji ya ce mutanen wajen ba su da alƙawari, Likita kuma ya ce su ne suka fi kowa hankali a bana. Na so in ji daɗi, amma idona na kan ledar goro da nake hangowa ta tsagar ƙofa, tana nan a ƙasa yadda na ajiye ta, ba wanda ya ko kwance bakinta.

Na raɗa wa uban yarinyar ko zai yi tari. Ya ce shi a gidansa yau ba shi da baki. Ya ce ni in yi. Na ce ni ma ai ba na nan, ina Woolwich. Muka ci gaba da kallon bango. Na ɗan buga ƙafa a matakala, wani takalmi ya gangaro, ba wanda ya ji.

Sai Likita ya sauke muryarsa ƙasa, ya ce akwai abin da yake so ya tabbatar, don ba ya son yaɗa jita-jita. Wai gaskiya ne ko akwatin zaɓen ƙofar gidan Alhaji bai kawo wa jam'iyyarsu ba? Na ji kujera ta motsa. Alhaji ya ce shi dai ya hau jirgi ya je ya tsaya a rana ya jefa tasa, ba kamar waɗansu ba da ko katin zaɓe ba su da shi, suna zaune kusa da hita suna jin ɗumi suna cin jiha a waya. Muryoyi suka fara hawa, kowa na kiran ɗan'uwansa ranka ya daɗe da irin muryar da ba ta fatan hakan.

A nan Liman ya yi abin da kowane liman yake yi idan manya biyu suka tasar wa faɗa kuma ba zai iya tsawata musu ba. Ya ɗaga hannu ya fara addu'a da ƙarfi. Ba mai iya magana a kan addu'a. Ya roƙa wa Najeriya zaman lafiya, ya roƙa wa jiharmu, ya roƙa wa Ghana tunda an zo wajen, ya roƙa wa masu mulki da waɗanda ake mulka. Ya ja ta sosai don zukata su huce, sannan ya ce a yi fatiha. Aka shafa.

Matan kicin ba sa jin maganar falo, amma sun ji amin, sun ji fatiha. A wurinsu fatiha a irin wannan rana ma'anarta ɗaya ce. Wata ta rangaɗa guɗa har maƙwabcinsu Bature ya leƙo ta taga. Kafin mu tashi daga matakala tire-tire sun fara wucewa ta kanmu, waina da miyar taushe da soyayyun kaji. Wata gwaggo ta shiga falo ta kwance goron ta hau rabo. Aka yi ta Allah ya sanya alheri. Manyan nan biyu suka amsa da amin, suka wanke hannu.

Uban yarinyar ya sunkuyo yana neman takalminsa, ya ce da ni a hankali, "Malam, ba a tambaya ba fa."

Na ce na ji. Ya ce ba a kuma bayar ba. Na ce wannan ma na ji.

A mota Alhaji yana cike da nishaɗi. Ya ce na ga yadda ya gama da Likita a kan maganar kati? Na ce na ji, ranka ya daɗe. Na bari mun wuce fitilun hanya biyu ko uku, sannan na ce, to yarinyar fa? Ya ce ai na ji guɗa da kunnena. Liman yana gaba kusa da direba, ya yi kamar barci ya ɗauke shi.

Kafin na isa gida uwar yarana ta riga ta kira ƙauye, ta kira Kaduna, ta kira ƙanwarta a Jidda. Yaron ya rungume ni yana ta godiya da Turanci. Da na ja ta gefe na gaya mata abin da ya faru, ta ce an ci, an sha, an raba goro, an yi fatiha, me ya rage? Na ce tambaya da amsa. Ta ce ni idan aka sa ni a Aljanna sai na nemi ganin takardar izinin shiga. Ta ce in rufa wa kaina asiri in yi shiru.

Na gwada yin shirun. A makon nan na ɗinke wa wani mutum aljihun wando duka biyu, na kuma rage hannun kwat ɗin da aka kawo a sa masa maɓalli. Abin da ke cina shi ne, yarinyar da ba a ba da ita ba, ba ta kowa ba ce. Gobe wani zai iya zuwa da nasa baffan, ya buɗe baki ya tambaya, kuma ba mu da abin cewa sai dai mu ce mun ci waina.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Ranar Alhamis uban yarinyar ya zo shagon da kayan aikinsa a jiki, a lokacin hutunsa, ya tsaya a bakin labulen da ya raba ni da injinan wanki. Ya ce shi ba zai bari a sa rana ba sai an tambaya, don ba zai aurar da 'yarsa a kan guɗa ba. Ya ce ya je wurin Likita da niyyar ya kewaya ya tuna masa, sai ya tarar Likita ya fi shi sani. Wai cewa ya yi shi yana zaune yana jira, ba a roƙe shi komai ba, me zai bayar? Kuma ba shi da gaggawa. Uban yarinyar ya ce ya ga alama Likita yana jin daɗin riƙon, kamar yadda yake jin daɗin riƙon jihar. Ba zai iya matsa masa ba, mutumin da ya ba shi ɗakin kwana a sanyin farko.

Saboda haka abin ya dawo kaina. Sai Alhaji ya koma ya tambaya, kuma ni zan gaya wa babban mutum cewa ya je aike ya manta aiken. Idan na kai masa maganar Likita na zama annamimi, kuma zai rantse ba zai sake taka Catford ba. Idan na canja baffa na wulaƙanta shi a idon mutane. Idan na ƙirƙiro wani dalili na yi ƙarya. Na auna ta kowane gefe kamar yadin da bai isa riga ba.

Akwai babbar rigarsa a wurina da ya ce in ɗage mata ƙasa. Na ɗauka na tafi Stratford ban san abin da zan ce ba. Na sa ya saka ta ya tsaya, na durƙusa a gabansa da allurai a baki. Mutum idan ana auna shi ba ya iya tafiya, sai dai ya yi magana, kuma maganar Alhaji ɗaya ce a kwanakin nan. Amma yau ba Likita a gabansa, sai ni, kuma ni ba a jin kunyata. Sai ya faɗi abin da bai faɗa a Catford ba. Ya ce zagon ƙasa an yi, amma ba shi ya kayar da su ba. Ya ce manyansu ne suka ɗauka jihar tasu ce tun fil azal. Sun je gangami, sun ga fili ya cika, an yi kiɗa, mata sun yi guɗa, suka hau motoci suka koma masauki suna taya juna murna. Ba wanda ya sauka ya shiga zaure ya ce wa mutane don Allah ku ba mu.

Wallahi ban shirya ba. Alluran ne kawai na cire daga bakina don kada in haɗiye, sai na ji bakin ya ce, "Kamar dai mu a Catford, ranka ya daɗe."

Da na ji abin da na faɗa, na so in mayar da alluran har da maganar. Ni dai ina kallon yatsun ƙafarsa. Ya ce me nake nufi? Na ce babu komai, sai dai ni a matakala ban ji inda aka ce mun zo nema wa wane wance ba, amma wataƙila kunnena ne, don injinan shago sun fara taɓa shi. Ya tsura wa bango ido. Ina jin yana bin zaman daga sallama har waina.

Na ɗauka zai ji kunya. Ina! Cewa ya yi laifin Liman ne da ya yanke shi daidai lokacin da yake shirin shiga maganar. Sannan laifina ne. Ina zaune a bakin ƙofa kamar buhu, me ya hana ni yin tari? Na ce a gafarce ni. Ya ce wato yanzu Likita yana can yana ganin ya zo ya koma hannu wofi? Na ce ni dai ban san abin da ke zuciyar Likita ba, wanda kuma gaskiya ne, abin da ya fito bakinsa kawai aka gaya mini. Alhaji ya ce ba zai faɗi sau biyu a wata ɗaya ba. Amma Catford ba zai koma ba, Likita ya zo Stratford. Na ce mai nema ai shi ke zuwa. Ya ce to a nemi wuri wanda ba na kowa ba.

Haka na yi ta kai da kawo, ni da uban yarinyar, har aka tsaya a kan masallacinmu na Woolwich bayan sallar Juma'a. Na je na gaya wa Liman cewa an ɗora masa laifi. Bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce shi ya hana dattawa biyu cin kwalar juna a gaban abinci, yau shi ne mai laifi? Ya ce in bar masa su.

Da aka sallame mutane suka ragu, Alhaji ya gyara riga zai zauna, Likita ma ya jawo kujerar roba saboda gwiwarsa. Liman ya ce ba mai zama. Ya tsayar da su a gabansa kamar yaran da suka makara. Ni da uban yarinyar muna bakin ƙofa wajen ma'ajiyar takalma, don har yanzu a bisa al'ada ba ma nan. Likita ya buɗe baki zai yi gaisuwa, Liman ya ɗaga masa yatsa, ya ce an gaisa ranar Lahadi, ya isa. Ya juya ga Alhaji ya ce, "Kai, tambaya." Ya juya ga Likita. "Kai, amsa. Wanda ya ce zaɓe, ni na tafi gida."

Alhaji ya tambaya, kuma in faɗi gaskiya ya iya. Ya ce sun zo da ƙoƙon bara, sun ga tarbiyya a gidan mutunci, suna roƙon a ba ɗansu 'yar wannan gida, don Allah da zumuncin da ke tsakani. Ya ambaci sunan yaron da na yarinyar, ina ƙirga su a raina kada a tsallake ɗaya. Likita ya cire tabarau ya goge, ya duba shi a haske, ya sake gogewa. Ya ce magana ce babba, da so samu ne a ba shi lokaci ya tattara ra'ayin mata. Liman ya duba agogo ya kai hannu ga jakarsa.

Likita ya ce, "Mun ba ku. Sai dai ku sani 'yar jiharmu ce. Idan aka daina lallashinta, ta san hanya."

Alhaji ya ce sun karɓa, sun gode, kuma za a riƙe ta da kyau fiye da yadda ake tsammani. Liman bai bar shi ya ƙara ko kalma ba, ya ɗaga hannu. Wannan karon addu'ar gajeriya ce.

Na juya na tambayi uban yarinyar ko ya ji an ce mun ba ku. Ya ce ya ji. Na ce da kunnensa? Ya ce da duka biyun. Na roƙe shi ya maimaita mini yadda aka faɗa, ya maimaita, ya zo daidai da nawa.

Muna ɗaure takalma muka ji sun zauna, Likita yana tambayar Alhaji ko ya ga takardun da lauyoyinsu za su kai kotu. Na tuna cewa su biyun nan ne dai za su sake zama ranar ɗaurin aure, ɗaya wakilin ango, ɗaya waliyyin amarya. Tun a bakin titi, kafin bas ɗinsa ta zo, na roƙi uban yarinyar alfarma ɗaya: duk ranar da mata za su zaɓa, ta kasance kafin alƙalai su yanke hukunci. Ya ce shi ma abin da yake shirin roƙona ke nan. Matan suka yi ta mita wai mun ƙuntata musu lokacin ɗinkin anko, na ce su kawo ni zan ɗinka. Haka na yi watan nan kaina a sunkuye a kan keke, kuma aka ɗaura auren kotu ba ta zauna ba tukuna.